Kiyaye mara lafiya a ɗakin kulawa ta musamman: abin da korona ta nuna daga Suleja zuwa Gwagwalada

A kowane babban asibiti akwai wata ƙofa da ba a barin kowa ya shiga. Masu jinya sai dai su zauna a benci ko su shimfiɗa tabarma a baranda, suna jiran a leƙo a ce a sayo magani ko a je a biya kuɗin gwaji. Wannan shi ne ɗakin kulawa ta musamman, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ICU. Yawancinmu da ke zaune a Agege, Mile 12, Sabon Ibadan, Shagamu, Onitsha ko Fatakwal ba mu san abin da ke gudana a bayan ƙofar nan ba, sai ranar da aka shigar da namu. Wannan bayani ne a kan yadda ake kare mara lafiya a cikin ɗakin, da abin da ya faru lokacin korona, da kuma abin da ya rage wa mai jinya ya yi.

Mene ne ɗakin kulawa ta musamman

Ɗaki ne da ake kwantar da wanda rayuwarsa ke cikin haɗari: wanda numfashi ya gagare shi, wanda ya yi mummunan hatsarin mota, matar da ta yi jijjiga ko ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, ko wanda aka yi wa babbar tiyata. Kowane gado yana da na'urar da ke nuna bugun zuciya da hawan jini da yawan oksijin da ke cikin jini. Wasu gadajen suna da na'urar taimaka wa numfashi, wato bentileta.

A asibitocin Najeriya galibi likitocin sa barci, waɗanda ke kula da mutum lokacin tiyata, su ne ke riƙe da wannan ɗaki. Tare da su akwai nas-nas da aka horar musamman, da masu harhaɗa magani, da masu gashin ƙashi, da masu gwajin jini, da masu gyaran na'ura, har da masu shara da goge-goge. Ƙa'idar da aka sani ita ce nas ɗaya ta tsaya a kan mara lafiya ɗaya, ko biyu in an matsa, domin wanda ke kan bentileta ba ya iya magana. In roba ta toshe ko ta zame daga maƙogwaronsa, ba zai iya kiran kowa ba. Mintuna kaɗan sun isa a rasa shi.

Me ake nufi da al'adar kiyaye mara lafiya

Asibiti wuri ne na neman sauƙi, amma a can ma mutum na iya cutuwa. Ana iya ba shi maganin wani, ko a ba shi fiye da kima, ko ya kwashi wata cuta daga hannun da ba a wanke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a ƙasashe masu arziki ma kusan mutum 1 cikin 10 yana cutuwa yayin da ake masa magani a asibiti. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita kuwa, ta ce irin wannan na faruwa kimanin sau miliyan 134 a shekara, kuma yana da hannu a mutuwar mutum miliyan 2.6.

Al'adar kiyaye mara lafiya ita ce halin da ma'aikatan wuri suka saba da shi ko da babu mai kallonsu. Ana gane ta da wasu tambayoyi. In ƙaramar nas ta ga babban likita zai taɓa mara lafiya bai wanke hannu ba, za ta iya tsayar da shi? In wani ya yi kuskuren allura, zai faɗa a gyara, ko zai ɓoye don tsoron kora? In mai aikin dare zai tashi, yana tsayawa ya yi wa na safe cikakken bayani? In aka kai kuka cewa safar hannu ta ƙare, shugabanni suna ji?

Direbobin tirela sun san wannan magana ko ba da wannan suna ba. Motar da yaron mota ke tsoron faɗa wa direba cewa taya ta yi zafi ko birki na wari, ita ce ke kwanciya da shanu a hanyar Lokoja. Motar tana iya zama sabuwa fil, amma shirun yaron ya isa ya kayar da ita.

An gwada wannan a asibiti an ga amfaninsa. A jihar Michigan ta Amurka, wani likita mai suna Peter Pronovost ya sa ɗakunan kulawa ta musamman 103 suka riƙa bin matakai biyar kafin a sa wa mara lafiya roba a babbar jijiya: a wanke hannu, a rufe jiki da kaya masu tsabta, a goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a guji sa robar a matsematsi, a kuma cire ta da zarar an gama amfani da ita. Duk likitocin sun san waɗannan matakai tun da can. Sabon abin shi ne an ba nas-nas ikon tsayar da likita in ya tsallake ko da guda. Sakamakon da aka fitar a 2006 ya nuna cutar da ke shiga jini ta wannan roba ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku.

Suleja a lokacin korona

Suleja a jihar Neja take, amma rayuwarta a haɗe take da Abuja. Dubban ma'aikata da 'yan kasuwa suna kwana a Suleja da Madalla, da safe su bi ta Zuba su shiga birnin tarayya. Motocin kaya da ke saukowa daga Kano da Kaduna zuwa kudu ma ta nan suke ratsawa. Duk cutar da ta shiga Abuja, to ta iso ƙofar Suleja.

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 23 ga Maris aka sanar da mutuwar farko, a Abuja. Ranar 30 ga Maris dokar kulle ta fara aiki a Legas da Abuja, ita ma gwamnatin Neja ƙarƙashin Abubakar Sani Bello ta sa tata dokar hana fita. Gwamnan kansa ya kamu da cutar a watan Nuwamba na wannan shekara.

Suleja tana da babban asibitin gwamnatin jiha da asibitoci masu zaman kansu da dama. Sai dai in ciwo ya yi tsanani, galibi akan tura mutum asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko Asibitin Ƙasa na Abuja, ko Minna, ko cibiyar lafiya ta tarayya da ke Bida. Gwagwalada ce ta zama babbar cibiyar killace masu korona da jikinsu ya yi tsanani a yankin Abuja. Ka ga ke nan ga mutumin Suleja, kiyaye lafiyarsa tana farawa tun kafin ya isa ɗakin: wa ya rubuta takardar turawa, me aka rubuta a ciki, an kira can an tabbatar akwai gado, motar tana da oksijin da zai isa ko da an haɗu da cunkoson Madalla? Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba in hanya a buɗe take, amma wanda ke fama da numfashi ba shi da awa ɗaya ta ɓatawa. Haka abin yake ga mazaunin Shagamu ko Ogere da za a tura Legas ko Ibadan.

Ma'aikacin da ba shi da kariya

Korona ta nuna cewa ba a raba lafiyar ma'aikaci da ta mara lafiya. Ranar 30 ga Afrilu 2020 ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce ma'aikatan lafiya 113 sun kamu. Zuwa farkon watan Yuni shugaban hukumar NCDC, Chikwe Ihekweazu, ya ce adadin ya kai 812. A Katsina ma wanda aka fara tabbatar wa cutar likita ne a Daura, kuma ya rasu. WHO ta ce a yawancin ƙasashe ma'aikatan lafiya ba su kai kashi 3 cikin 100 na jama'a ba, amma su ne kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda aka ba ta rahoton sun kamu.

Duk nas ɗaya da ta kamu, sai an killace ta da waɗanda suka yi aiki tare da ita. Waɗanda suka rage sai aiki ya ninka a kansu, ga zafin rigar kariya, ga rashin barci. Mai gajiya shi ke karanta 5 a matsayin 50. Ko a Ingila, da annobar ta yi tsanani a 2020, an sassauta ƙa'ida har ƙwararriyar nas ɗaya ta riƙa sa ido a kan marasa lafiya da dama da taimakon waɗanda aka aro daga wasu sassa.

A nan gida, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta shiga yajin aiki ranar 15 ga Yuni 2020, tana kukan ƙarancin kayan kariya da kuma alawus ɗin haɗari, wanda a lokacin naira 5,000 ne a wata. Sun janye bayan mako guda. Da yawa daga cikinmu sun ga abin kamar rashin tausayi, amma likitan da ba shi da takunkumi mai kyau shi ne zai ɗauki cuta daga gado na ɗaya ya kai gado na biyu. Shi ya sa a ranar kiyaye marasa lafiya ta duniya, 17 ga Satumba 2020, WHO ta ɗora taken shekarar a kan kare ma'aikatan lafiya.

Samun kayan ma bai wadatar ba, sai an iya amfani da su. Wajen cire rigar kariya aka fi kamuwa, domin bayanta ya riga ya gurɓata. A wurin da aka tsara aiki da kyau, akwai wanda aikinsa kawai shi ne ya tsaya yana kallon abokinsa yana cirewa mataki-mataki. Mutane da yawa sun tuna bidiyon da ya yaɗu bayan jana'izar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, a maƙabartar Gudu ranar 18 ga Afrilu 2020, inda aka ga wani ya tuɓe rigar kariya ya yar a bakin hanya. Kaya akwai, horon ne ya yi ƙaranci.

Ɓoye bayani yana kashe ma'aikaci

Kafin korona an sha ganin darasin. Ranar 20 ga Yuli 2014 Patrick Sawyer ya shigo Legas daga Laberiya da cutar Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta asibitin First Consultants da ke Obalende ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata. Ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a ƙasar, 8 suka mutu, kuma fiye da rabin waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne. Cutar ta isa Fatakwal ne saboda wani da ya yi mu'amala da Sawyer ya sulale ya je aka yi masa magani a ɓoye a otal, likitan da ya duba shi kuma ya mutu. Ranar 20 ga Oktoba 2014 WHO ta ce Najeriya ta rabu da Ebola.

A watan Janairu 2020, makonni kaɗan kafin korona ta shigo, likitoci biyu na asibitin Malam Aminu Kano sun rasu da zazzaɓin Lassa bayan sun yi wa wata mai ciki aiki, ba a san tana ɗauke da cutar ba. Ɗaya daga cikinsu babban likitan sa barci ne, irin waɗanda ake shekaru kafin a horar da guda.

A lokacin korona likitoci sun yi ta kukan cewa mutane suna ɓoye tafiyar da suka yi ko tarin da suke fama da shi, don gudun a killace su. A Kano an yi ta mace-mace a watan Afrilu 2020, kuma daga baya ministan lafiya ya ce cikin mutum 979 da aka bincika mutuwarsu, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da alaƙa da korona. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ɓoye wa likita gaskiya ya cuci likitan, ya cuci na gadon kusa, ya kuma jinkirta wa nasa maganin da ya dace.

Inda aka fi samun matsala a cikin ɗakin

Magani. Magungunan ɗakin suna da ƙarfi, wasu kuma kwalabensu sun yi kama da juna. A wurin da ake kiyayewa, mutum biyu ke duba suna da adadi kafin a ba da irin waɗannan.

Canjin aiki. Lokacin da masu dare ke miƙa wa masu safe shi ne bayani ya fi zubewa. Da korona abin ya ƙara wuya, domin murya ba ta fita sosai ta cikin takunkumi da gilashin fuska.

Cutar da ake ɗauka a asibiti. Robar fitsari, robar jijiya da robar maƙogwaro duk ƙofofi ne ga ƙwayoyin cuta. Wanke hannu kafin taɓa mara lafiya da bayan taɓa shi, da cire roba da zarar ba a buƙatarta, su ne babban rigakafi.

Gyambon kwanciya. Wanda ba ya motsi sai an riƙa juya shi kusan duk bayan awa biyu. Masu korona da yawa an riƙa kifar da su a kan ciki don huhu ya buɗe, kuma kifar da mai bentileta aikin mutum huɗu ne ko biyar, ɗaya yana riƙe da robar numfashi.

Wuta. Bentileta tana da batir, amma ba ya daɗewa. Janareto da mansa da mai tayar da shi cikin dare duk suna cikin maganin.

Oksijin. A zagaye na biyu na cutar, farkon 2021, buƙatar oksijin a cibiyar Yaba ta Legas ta ninka sau biyar, daga tukunya 70 zuwa 350 a rana, kamar yadda gwamnatin jihar ta faɗa. A watan Janairu na shekarar gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 6.45 don kafa wuraren samar da oksijin 38. Oksijin kuma yana rura wuta. A asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, ranar 24 ga Afrilu 2021, tukunyar oksijin ta fashe a sashen masu korona, aƙalla mutum 82 suka mutu. Sigari, ashana, turaren wuta ko risho ba su da wuri kusa da tukunyar nan.

Abin da ya rage wa mai jinya

Na farko, a faɗi gaskiya duka: inda mara lafiya ya je, tun yaushe ciwon ya fara, da duk abin da ya sha, har da na kemis da jiƙo da na gargajiya. A zo da kwalayen. A watan Maris 2020 an kwantar da mutane a Legas saboda sun ɗirki kulorokwin da kansu. Dexamethasone ma, wanda binciken Ingila ya nuna a watan Yuni 2020 yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga masu bentileta, bai nuna amfani ga wanda ba ya buƙatar oksijin ba. Likita ne ke yanke wannan.

Na biyu, a zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa magana da likitoci a madadin dangi, wanda ke jin Turanci ko Yarbanci ko Ibo ko Burokin, gwargwadon garin. In babu, a nemi taimako a fadar Sarkin Hausawa ko wajen shugabannin kasuwa da masallaci. Rashin tafinta ya sa an sa hannu a takardu da yawa ba a san abin da ke ciki ba.

Na uku, a tabbatar sunan da ke kan kati daidai ne. Muna da Muhammad da Abubakar da Aisha da yawa, kuma a kudu akan rubuta sunayenmu yadda aka ji. A riƙe lambar kati, a duba ta a kan takardar gwaji da ledar jini.

Na huɗu, kada a taɓa na'ura, kada a ƙara gudun ruwa ko oksijin, kada a ɗura wa wanda bai farfaɗo ba ruwa ko kunu ko rubutu ta baki, domin yana iya wucewa huhu. In ana son yi masa tofi ko shafa masa wani abu, a tambayi nas tukuna. Addu'a kuwa daga ko'ina tana isa.

Na biyar, a rage cincirindon dubiya. Zumunci ne, amma kowane mai shiga yana shiga da abin da ke hannunsa.

Na shida, a yi tambaya cikin ladabi, kuma kada a ji kunya. Wane magani ne wannan? Yaushe za a cire robar nan? Yau an juya shi? Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin irin wannan. Zagi da dukan ma'aikata kuwa ba ya tayar da mara lafiya, sai dai ya koya musu ɓoye kuskure.

Haƙƙi da wurin kai kuka

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. A watan Yuli 2018 mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, wanda ya haɗa da haƙƙin a yi wa mutum bayani a harshen da yake ji, da haƙƙin sanin kuɗin da zai biya, da haƙƙin kai ƙorafi. Asibitocin tarayya suna da teburin SERVICOM. Ƙorafi a kan likita ana kai shi hukumar MDCN, na nas kuma hukumar kula da aikin jinya da unguwarzoma. A rubuta rana da lokaci da abin da aka gani, a ajiye rasit.

Mun yi imani da ƙaddara, kuma wanda kwanansa ya ƙare babu na'urar da za ta riƙe shi. Wannan bai hana a tambayi yadda aka yi ba, domin amsar tana iya ceton wanda za a kwantar a gadon gobe.

WHO ta sanar da ƙarshen matakin gaggawa na korona ranar 5 ga Mayu 2023. Alƙaluman NCDC sun nuna sama da mutum dubu 266 sun kamu a Najeriya, 3,155 sun mutu. Zazzaɓin Lassa kuwa yana dawowa duk rani, mashaƙo ma ya yi ɓarna a Kano a 2023, kuma ɗakunan nan da ma'aikatan nan su ne dai za a sake kai wa namu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan ma'aikatan da suka rasu a bakin aiki.